LASIK, PRK, SMILE ko dashen lens: wane aiki ne ya dace da wane ido?

Duk aikin gyaran gani da leza a wuri ɗaya ake yinsa, a kan koniya, fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ta gaba. Kaurinta a tsakiya kusan maikiron 540 ne a yawancin mutane, wato rabin milimita da 'yan kai, amma ita ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi, wajen diyofta 43 daga cikin 60 (diyofta ita ce ma'aunin da ake rubuta lambar gilashi da shi). Shi ya sa da an ɗan rage mata kauri a tsakiya, tudunta ya kwanta, mai gilashin -4.00 na rashin ganin nesa sai ya wayi gari yana karanta lambar mota daga nesa. Naman da aka cire kuwa ba ya sake tsirowa. Don haka tambayar farko ba ta sunan na'ura ba ce. Nawa za a cire, nawa zai rage, kuma abin da ya rage zai iya riƙe kansa nan da shekara talatin ko arba'in?

Lissafin da ke yanke hukunci

Lezar eksaima, wadda ake sassaƙa koniya da ita a LASIK da PRK, tana tashin kusan rubu'in maikiron a kowane bugu, ba tare da ta ƙona naman da ke kusa ba. Gyaran diyofta ɗaya yana cin maikiron 12 zuwa 15, gwargwadon faɗin da'irar da aka gyara. A LASIK kuma akwai murfin da ake yankowa tukuna, mai kaurin maikiron 100 zuwa 120, wanda ko bayan an mayar da shi ba ya ƙara wa koniya wani ƙarfin kirki. Abin da ya rage a ƙarƙashinsa shi ke riƙe ido. Tsohuwar iyaka ita ce kada ya gaza 250, amma likitoci masu taka-tsantsan sun fi son 300. Akwai kuma ma'auni na biyu: a haɗa kaurin murfi da abin da leza ta ci, a raba da kaurin koniya gaba ɗaya, in ya kai kashi 40 cikin ɗari an shiga haɗari.

Ɗauki mutum mai -4.00 da koniya 550. Murfi 110, leza ta ci 60, saura 380, abin da aka taɓa kashi 31. Wannan duk hanyar da ya zaɓa za ta karɓe shi. Na biyu yana da -7.00 da koniya 510. Murfi 110, leza 105, saura 295, abin da aka taɓa kashi 42. LASIK ba nasa ba ne, ko da wani asibiti ya ce zai yi masa. Amma a PRK, inda ba murfi sai fatar sama mai maikiron 50 da ke sake tsirowa, zai rage da 355. Na uku mai -11.00 da koniya 520, in aka yi masa LASIK saura 245 ke nan. Shi maganar leza ma ba ta taso ba, sai dashen lens.

Wannan lissafi ya fi shafarmu, domin bincike da dama sun nuna cewa koniyar baƙar fata ta fi ta Turawa siranta a matsakaici. Lambar da ta wuce lafiya a idon wani tana iya tsayawa a bakin iyaka a namu.

Kauri ma ba shi kaɗai ba ne. Dole a ɗauki taswirar koniya, gabanta da bayanta, da na'ura irin Pentacam, don gano keratokonus tun yana ɓoye. Cuta ce da koniya ke siranta tana tsini a hankali, kuma tana tafiya da yawan murza ido. Duk wanda ya tashi da ƙaiƙayin idon nan na yara, mai mayar da farin ido ruwan ƙasa, wanda ya zama ruwan dare a ƙasashenmu masu zafi da ƙura, ya gaya wa likita tun kafin a tambaye shi. In aka yi leza a kan irin wannan koniya, bayan watanni ko shekaru sai ta kumburo kamar tiyub a tayar da ta siɗe. Gani ya karkace, gilashi ya kasa gyara shi. Ana tsayar da lalacewar da aikin ƙarfafa koniya, inda ake jiƙa ta da ribofilabin, wato bitamin B2, a haska mata hasken UV, amma tsayarwa ce kawai, ganin da ya tafi sau da yawa sai da kontak (lens ɗin da ake ɗorawa a kan ido) mai tauri, wani lokaci ma sai dashen koniya. Asibitin da ya sa ranar aiki bai ɗauki wannan taswira ba, a bar shi.

Hanyoyin leza uku

PRK ce babbar yaya. An fara yinta a idon mutum mai gani a 1988 a Amurka, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a ƙasar ta amince da ita a 1995. Ana cire fatar sama da barasa mai rauni, ko buroshi, ko da lezar kanta, a gyara naman ƙasa, a ɗora kontak a matsayin bandeji na kwana huɗu zuwa biyar har fatar ta rufe. Kwana biyu zuwa uku na farko akwai zafi na gaske, da hawaye, da kasa kallon haske. Gani yana fara daidaita cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma kaifinsa na ƙarshe sai wata ɗaya zuwa uku. Matsalarta ta musamman ita ce hazo a koniya, wanda ya fi fitowa idan lambar babba ce ko idon ya sha rana. Don hana shi ake shafa maganin maitomaisin mai ƙarfin kashi 0.02 na 'yan daƙiƙu lokacin aiki, sannan a ɗora mutum kan ɗigon sitiroid na makonni ko watanni, da baƙin gilashi mai tare UV duk lokacin da zai fita. A rana irin ta Sakkwato ko Agadas wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne.

LASIK, wadda likitan ido Pallikaris ya fara a tsibirin Kirit na Girka wajen 1990, ta zo ne don kauce wa wannan zafi da jira. Ana ɗora zobe mai tsotsa, gani ya dushe na 'yan daƙiƙu, a yanko murfi a bar shi manne ta gefe ɗaya, a ɗaga, leza ta yi aikinta cikin ƙasa da minti ɗaya, a mayar. Ƙaiƙayi da hawaye na awa huɗu zuwa shida, washegari yawanci mutum na gani tar. Duk farin jininta daga nan yake, haka ma matsalolinta daga murfin suke. Yana iya yamutsewa in an murza ido a kwanakin farko. Ƙwayoyin fatar sama na iya kutsawa ƙarƙashinsa su yi girma. Kumburi na iya tasowa a tsakani, wanda likitoci ke kira yashin Sahara saboda kamanninsa a madubin gwaji, kuma in ba a kama shi da wuri ba yana barin tabo. Sannan murfin ba ya taɓa haɗewa kamar da, naushi ko tsinin reshe na iya ɗaga shi ko bayan shekaru. Ɗan dambe, ɗan kokawa, soja da ɗan sanda, PRK ta fi musu kwanciyar hankali. A kuma tambayi da me za a yanka murfin: lezar femtosakan ta fi wuƙar inji daidaiton kauri.

SMILE ita ce auta, ta samu amincewar FDA a 2016, da na'urar VisuMax ta kamfanin Zeiss. Leza tana yanka wani ɗan faifan nama a cikin koniya, likita ya zaro shi ta ƙofa mai faɗin milimita 2 zuwa 4, maimakon yankan kusan milimita 20 na kewayen murfin LASIK. Babu murfin da zai ɗaga, jijiyoyin da ake yankewa sun fi kaɗan. Sai dai gani kan ɗan yi dishi-dishi na 'yan kwanaki fiye da LASIK, an fi yinta ga rashin ganin nesa har -10.00 da silinda (lambar gyaran rashin daidaiton tudun koniya) matsakaiciya, kuma in lamba ta rage gyara na biyu ya fi wuya, yawanci sai an bi da PRK a sama. In tsotsar zoben ta kuɓuce ana tsakiyar yanka, ko faifan ya yage wajen zarowa, hannun likita ne kaɗai zai fitar da mutum. Talla na nuna ta kamar ta shafe sauran, alhali ita ma nama take cirewa, kuma an samu kumburowar koniya bayanta a idanun da bai kamata a taɓa ba.

Me sakamako ya nuna

Ga mai lamba ƙarama zuwa matsakaiciya, bayan wata shida da wuya a bambanta ganin wanda aka yi wa PRK da na LASIK da na SMILE. Wani nazari na 2016 da ya tattara sakamakon LASIK na zamani a dubban idanu ya samu kusan 91 cikin ɗari sun kai 6/6, wato cikakken gani a allon haruffa, ba gilashi, fiye da 99 cikin ɗari kuma sun kai 6/12, wato rabin wannan kaifi. Lambobin na raguwa yayin da lambar gilashi ke ƙaruwa, kuma masu lambar tarawa, wato mai alamar + ta wahalar ganin kusa, musamman sama da +4.00, sun fi fuskantar dawowar wani ɓangare na lambar.

Allon haruffa ba ya faɗin komai. Binciken PROWL na FDA, wanda aka buga a 2017, ya tambayi mutanen da kansu. Fiye da 95 cikin ɗari sun gamsu. Amma cikin waɗanda ba su da wata damuwar gani kafin aiki, har 46 cikin ɗari sun ce bayan wata uku suna ganin wani sabon abu, galibi da'irar haske kewaye da fitila. Cikin waɗanda ba su da bushewar ido, har 28 cikin ɗari sun same ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu sosai ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Direban da ke kwana a hanyar Kano zuwa Legas yana fuskantar fitilun tirela ya kamata ya auna waɗannan lambobi fiye da mai zaman ofis, ya kuma sa a gwada faɗin ɗigon baƙin idonsa a cikin duhu.

Bushewar tana zuwa ne saboda an yanke jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido na neman hawaye. Suna farfaɗowa cikin wata shida zuwa shekara. LASIK ta fi jawo ta, SMILE da PRK sun fi sauƙi a watannin farko, daga baya tazarar takan ragu. 'Yan kaɗan kuma sukan zauna da ita, ko da raɗaɗin jijiya mai wuyar magani. Wanda tun asali idonsa ke yaji a gaban fanka ko kwamfuta, a yi masa maganin wannan kafin a yi zancen leza. Kuma in da zaɓi, kada makonnin farko su faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙura ta cika gari. Mako na farko ba a barin ruwa ya shiga idon, don haka a tambayi likita yadda za a wanke fuska wajen alwala. Kwalli da kayan shafan ido a ajiye su har likita ya ba da izini, iyo kuma sai bayan makonni.

Hawan jinin ido, abin da ake mantawa

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kusan mutum biyar cikin ɗari masu shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, wato hawan jinin ido, kuma yawancinsu ba su sani ba. Masu rashin ganin nesa sun fi shiga haɗarinta. Leza na taɓa wannan ta hanya biyu. Ɗigon sitiroid yana ɗaga matsin ido a wasu mutane, shiru ba zafi, don haka mai PRK dole a riƙa auna shi muddin yana ɗigawa, kuma kada ya ci gaba da sayen maganin a kemis bayan an ce ya daina. Na biyu, koniyar da aka rage tana sa na'urar awo ta nuna lamba ƙasa da ta gaskiya har ƙarshen rayuwa. Mai gilakoma a danginsa ya fara da gwajin jijiyar gani da na faɗin gani, irin wanda ake yi a manyan asibitocin ido kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ECWA a Kano, kafin ya yi tunanin ajiye gilashi.

Wasu kuma jira ya kama su ko haƙuri gaba ɗaya: wanda bai kai 18 ba, wanda lambarsa ta motsa fiye da 0.50 cikin shekara, mai ciki ko shayarwa, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai cutar garkuwar jiki irin ta sanyin gaɓoɓi, mai shan isotiretinoyin don ƙuraje, da wanda tirakoma ta bar wa tabo a fatar ido.

Idan leza ta ƙi

Dashen lens da ake kira ICL siririn lens ne mai laushi da ake zurawa ta ƙofar kusan milimita 3, a zaunar da shi bayan baƙin ido, gaban lens na halitta. Ba a cire komai daga koniya, kuma ana iya fitar da shi. Yana gyara daga -3.00 har wajen -20.00, kuma ga mai lamba sama da -8.00 ingancin gani, musamman da dare, yakan fi na leza. Bushewar ido ma ba ta kai ta leza ba. FDA ta amince da shi a 2005, sannan da samfurin EVO a 2022, mai ɗan rami na milimita 0.36 a tsakiya don ruwan ido ya riƙa wucewa, abin da ya rage matsalar hawan matsi da yanar ido sosai.

Amma aiki ne a cikin ido, ba a samansa ba, kuma komai ya rataya ga girman lens ɗin. Tazarar da ake so tsakaninsa da lens na halitta maikiron 250 zuwa 750 ce. In ta yi ƙasa yana iya jawo yanar ido da wuri, in ta yi yawa yana tura baƙin ido gaba ya toshe magudanar ruwa, matsi ya hau, sai an canza shi. Ana buƙatar zurfin ɗakin gaban ido ya kai milimita 2.8 zuwa 3.0, da isassun ƙwayoyin bangon cikin koniya, waɗanda ba sa sake haihuwa, kuma ya kamata a riƙa ƙirga su duk shekara. Ƙwayar cuta in ta shiga cikin ido, ko da yake da wuya ƙwarai, tana iya tafiya da gani. A kuɗi ma yakan fi duk hanyoyin leza.

Sai canjin lens, inda ake cire lens na halitta a sa na roba, wanda aikin yanar ido ne ake yi tun yanar ba ta zo ba. Ya dace da mai shekara 50 zuwa sama, musamman mai babbar lambar tarawa, don ya riga ya rasa ikon mayar da gani kusa. Ga matashi asara ce. Ga mai babban rashin ganin nesa kuma yana ƙara haɗarin ɓallewar ratina, shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske. Lens mai ganin nesa da kusa yana rage dogaro da gilashin karatu, amma da'irar haske da dare ce farashinsa, kuma bai dace da mai gilakoma ko ciwon ratina ba.

A tuna, babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke rage tsawon ƙwayar ido. Mai -9.00 da ya ajiye gilashi har yanzu ratinarsa a miƙe take siririya. Walƙiya a gefen gani, ko baƙaƙen ɗigo da suka ƙaru farat ɗaya, ko wani labule da ya rufe gefe, asibiti ne a ranar.

Shekara arba'in

Leza ba ta hana raunin karatu da ke zuwa tsakanin 40 da 45. Mai -2.00 ɗan shekara 43 da ke cire gilashi ya karanta waya ko ya zura zare a allura, in aka gyara masa ido biyu don nesa, ya rasa wannan, ya koma neman gilashin karatu. Tela ko mai gyaran waya yana iya fitowa da asara. Mafita ɗaya ita ce a gyara ido mai rinjaye don nesa a bar ɗayan a wajen -1.25 zuwa -1.50. Ba kowace ƙwaƙwalwa ke karɓa ba, don haka a gwada da kontak na mako ɗaya ko biyu kafin a mayar da shi na dindindin.

Gilashi da kontak

Gilashi ne kaɗai ba shi da haɗari ga ido, kuma ga mai lamba ƙasa da -3.00 wanda bai dame shi ba, babu dalilin lafiya na yin aiki. Ba ya kuma raunana ido kamar yadda ake yaɗawa. Inda yake gazawa shi ne babbar lamba, da ke ƙanƙanta abubuwa ta karkatar da gefe ko da an yi shi da siririn gilashi, da kuma bambancin da ya wuce diyofta 3 tsakanin ido biyu.

Kontak yana ba da gani mai kyau, amma haɗarinsa yana taruwa shekara bayan shekara. Gyambon koniya na kama kusan mutum 2 zuwa 4 cikin 10,000 a shekara ga masu cirewa da dare, ya haura wajen 20 ga masu kwana da shi. Ruwan famfo ko na rijiya na iya ɗaukar ƙwayar cuta mai suna akantamiba, wadda maganinta ke ɗaukar watanni. Na yarwa kullum ya fi aminci, sannan kontak masu launi da ake saye wurin masu kayan kwalliya ba gwaji suna cikin mafi haɗari. Akwai kuma mai tauri da ake kwana da shi ya danne koniya zuwa safe, yana aiki har wajen -5.00, an fi ba yara don rage saurin hawan lamba, amma da an daina komai ya koma. Mai shirin leza ya ajiye kontak mai laushi mako biyu kafin awo, mai tauri mako uku zuwa huɗu ko fiye, in ba haka ba taswirar ƙarya za a ɗauka.

Ga mai tafiya waje

Da yawa suna zuwa Indiya, Masar, Dubai ko Turkiyya, wasu kuma Legas ko Abuja. Aikin minti ashirin ne, bibiyar ce mai tsawo: washegari, bayan mako, wata ɗaya, wata uku, wata shida. Mai LASIK ko SMILE ya zauna aƙalla har ganin mako ɗaya. Mai PRK kada ya hau jirgi sai an cire bandejin an tabbatar fatar ta rufe. Mai ICL sai an auna matsi da tazarar lens. Tun kafin tafiya a samu likitan ido a gida da ya yarda zai karɓi bibiyar, a kuma ji a rubuce ko kuɗin ya haɗa da gyara na biyu, da wa zai biya kuɗin komawa.

Kafin a baro asibitin a karɓi kwafin lambar gilashi ta kafin aiki, awon tudun koniya, kaurinta, taswirar, kaurin murfi, yawan abin da leza ta ci, da katin lens in ICL ne. Ranar da yanar ido ta zo, ko bayan shekara talatin ne, lissafin lens ɗin da za a dasa yakan kauce a idon da aka yi wa leza, mutum ya fito da lambar tarawa da bai zata ba, kuma waɗannan takardu ne za su taimaka wa likitan wancan lokaci ya zaɓi lissafin da ya dace.